Yadda ake bin sawun biri mai ganga a Gashaka-Gumti har a san nawa suka rage

Da yawa in aka ce musu akwai biri mai ganga a Najeriya sai su ce ai sai dai a talabijin, alhali ga su nan a Taraba, cikin kurmin Gashaka-Gumti, gandun dajin da ya fi kowanne girma a ƙasar nan, sama da murabba'in kilomita 6,000, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1991. Biri mai ganga shi ne wanda Turawa ke kira cimfanzi, kuma mutanen Gashaka suka sa masa wannan suna saboda yadda yake dukan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, ka ji dum dum daga nesa kamar ana kiɗa a gidan biki. Irin namu ɗin nan a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa, masana suna ƙiyasta tsakanin 3,500 zuwa 9,000 ne suka rage a duniya baki ɗaya, kuma macen sai ta yi shekara biyar ko shida kafin ta sake haihuwa, ɗa ɗaya tak, toh kaga in aka kashe uwa ɗaya ba ƙaramar ɓarna aka yi ba.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan: a wannan aikin da wuya ka ga birin da idonka. Kana iya yin wata guda a kurmi ba ka ga ko bayansa ba. Alamarsa ake ƙirgawa, musamman sheƙar da yake kwana, kuma aikin yana yin kyau ne in an bi hanya ɗaya, da ƙa'ida ɗaya, ana maimaitawa shekara da shekaru. Bari in bi da kai daki-daki.

Mataki na farko: izini da mutanen gari

Kar ka kuskura ka shiga gandun nan da kanka. Ofishin gandun yana Serti, can za ka kai takardarka mai bayanin abin da za ka yi, ina za ka yi, wata nawa, da su wa, kuma bincike irin wannan sai hukumar gandun daji ta ƙasa ta amince. Su za su haɗa ka da masu gadin daji. Bayan doka ma maganar tsaro ce, akwai mafarauta da masu haƙar ma'adinai da masu saran madobiya, itacen da 'yan kasuwa a Taraba ke kira madrid, ba kowa ne ke murnar ganin baƙo da littafi da kyamara ba.

Daga nan sai gaisuwar mai gari da ardo. Cikin gandun akwai matsugunan da doka ta bar mutane su zauna, irin su Filinga da Sabere, da Fulani masu kiwo a kan tsaunuka. Ka zauna da su ka yi bayani da Hausa ko Fulatanci, ka tambayi tsoffin mafarauta da masu cire zuma: Baba, a wane kurmi kuke jin gangarsu, wane wata, wane itace suke bi in ya nuna? Wallahi hirar yamma biyu da dattijo ɗaya tana rage maka yawon sati uku. Kuma ka ɗauki 'yan gari aiki a biya su haƙƙinsu yadda ya kamata, da idonsu za ka ga dajin. Tashar binciken birai da aka kafa a Kwano, cikin gandun nan, a shekarar 2000 ma da ƙafar mutanen Gashaka ta tsaya.

Mataki na biyu: kaya

Na'urar GPS mai nuna daidai inda kake, ko waya mai manhajar rubuta bayanan daji ta SMART ko CyberTracker, kamfas, tef na awo mai mita 50, madubin hangen nesa, littafi da fensir (biro yana watsewa in ruwa ya taɓa shi), ƙyallaye masu launi na ɗaure alama, adda, takalmin roba, rigar ruwa, batura da ƙaramar sola, takunkumin fuska, safar hannu, maganin zazzaɓi. Tufafi masu launin ƙasa, ka guji shuɗi da baƙi saboda tsando yana bin su. Shikenan, kar ka ɗora wa kanka kayan da za su karya ka a hawan dutse.

Mataki na uku: yawon leƙe

Kafin awo na gaske sai an yi yawon leƙe, wato ku bi hanya mafi sauƙi, bakin rafi, turbar dabbobi, kuna rubuta duk alamar da kuka gani da inda take. Wannan yawon ba ya ba ka adadi, yana nuna maka ne inda suke da inda babu su. A nan ne kuma za ka koyi karanta daji.

Sheƙa ita ce babba. Duk biri mai ganga da aka yaye yana yin sabuwar sheƙa kusan kullum da yamma, ya lanƙwaso rassa ya karya su ya saƙa kamar faifai sannan ya shimfiɗa ganye, yawanci can sama a kan itace. Jinjiri da uwarsa yake kwana har wajen shekara huɗu ko biyar, don haka shi baya cikin lissafi. Sauran birai na wurin, gwaggon biri da kirka da jan biri da mai fari da baƙin nan mai doguwar jela, babu mai yin sheƙa a cikinsu, kuma babu gorila a Gashaka, toh duk sheƙar da ka gani ta biri mai ganga ce. Wannan sauƙi ne da masu aiki a Kuros Riba ba su da shi, su can a tsaunukan Afi da Mbe sai sun tsaya sun bambance sheƙar gorila da ta cimfanzi. Abin da zai ruɗe ka a nan shi ne kauci ko tarin busasshen ganye da ya maƙale a reshe, ka sa madubi ka duba, in ba ka ga rassan da aka karya aka lanƙwasa ciki ba, ba sheƙa ba ce.

Sauran alamu: sawun gaɓoɓin yatsu a laka tunda a kan su yake takawa, kashi, tuƙar 'ya'yan itace da ya tsotse ya tofar, ihu da ganga da asuba, sai kuma sanduna. Wannan na sandunan yana burge ni ƙwarai. Na Gashaka an san su da tsinke mai tsawo da suke zurawa a gidan kwarkwasa su kwaso su cinye, da sandunan tono zumar galla, ƙananan ƙudan zuman nan marasa harbi, in ka iske 'yan sanduna an zage musu ganye, bakinsu ya tauje kamar asuwaki, zube kusa da rami, toh sun zo wurin. Ka auna tsawonsu ka ɗauki hoto.

Mataki na huɗu: yanke layi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke ɓata shi. A kan taswira za ka ja layuka miƙaƙƙu, kowanne kilomita ɗaya ko biyu, a warwatse cikin yankin da kake son aunawa, kuma kwamfuta ce ko ƙuri'a za ta zaɓi inda layin farko zai fara, sauran su biyo da tazara iri ɗaya. Kar ka zaɓa da son ranka. Zuciya za ta ce maka ja layin nan ta kurmin da ka ga sheƙa goma jiya, in ka biye mata za ka fito da adadi mai kumburi, a ɗauka birai sun yi yawa alhali suna ƙarewa, kuma wannan ƙaryar ta fi rashin ƙirgawa illa. Ya fi kyau layukan su ratsa rafuka da gangare a gicciye maimakon su bi su a tsaye, saboda a Gashaka kurmi bin rafi yake yi, in layinka ya kwanta cikin rafi kurmi kaɗai ka auna, ka manta da dajin ciyawa da ke tsakani.

A ƙasa mutum ɗaya yana riƙe kamfas, mai adda yana gaba yana buɗe hanya ɗan kaɗan, iya yadda mutum zai wuce, domin in kuka share titi gobe mafarauci ne zai bi shi. Duk mita 50 a ɗaura ƙyalle a rubuta lamba. In layi ya faɗa cikin ƙaya ko laka haka za a bi, sai dai in rami ne mai haɗari, nan sai a zagaya a dawo kan layi a rubuta abin da ya faru.

Mataki na biyar: ƙirga sheƙa

Mutum uku ko huɗu sun isa. Ku fita da sassafe, ku yi tafiya a hankali ƙwarai, ƙasa da kilomita ɗaya a awa, babu hira babu rediyo babu sigari, kuna tsayawa kuna ɗaga kai, har ku waiwaya baya saboda wata sheƙar sai an wuce ta take bayyana. Wuya zai yi ciwo, haka aikin yake.

Da an ga sheƙa daga kan layi sai a tsaya. Abu mafi muhimmanci shi ne nisanta daga layin, kuma a miƙe ake aunawa, daga tsakiyar layi zuwa daidai ƙarƙashin sheƙar, kamar yadda magini ke fitar da kusurwa, da tef. Kar a ce ai zai kai mita goma, a auna. Dalili kuwa duk lissafin yana kan wannan awon ne, manhajar Distance tana duba yadda ganin sheƙa ke raguwa in ana nisa da layi, daga nan take gano nawa ne idonku ya tsallake. In kowa yana cika lamba zuwa biyar da goma sai hoton ya lalace. Kuma sheƙar da ke saman layin kai tsaye ba a yarda a rasa ta ba ko ɗaya.

Sai a rubuta wurin a GPS, sunan itacen ko da na gargajiya ne, tsayin sheƙar, irin dajin, nawa ne a rukuni ɗaya, da kuma shekarunta, ina nufin kwananta. Gida huɗu ake raba su: sabuwa fil, ganye kore shar kuma sau da yawa akwai kashi ko warin fitsari a ƙasa, mai 'yan kwanaki, ganye ya fara yaushi, tsohuwa, ganye ya bushe ya yi ja amma siffar tana nan, sai ruɓaɓɓiya, ganye ya zube saura ƙashin rassa. Tun kafin a fara ku tsaya ƙarƙashin sheƙa kamar ashirin ku daidaita ido, don kar abin da wane ya kira tsohuwa wane ya kira ruɓaɓɓiya.

In kun gama layi ba ku ga komai ba, a rubuta sifili da kwanan wata da sunayen waɗanda suka bi. Na sha ganin matasa suna jin kunyar dawowa da fom babu komai, har wani ya so ya ƙara sheƙar da ya gani a hanyar komawa sansani. Kar a yi. Sifilin nan shi ne zai nuna mana kurmin da birai suka bari. Haka kuma a rubuta alamun mutane, tarkon waya, kwankon harsashi, sansanin mafarauta, kututturen itace, kashin shanu, wurin da wuta ta ci, a kwance tarkon a miƙa wa masu gadi.

Mataki na shida: kwana nawa sheƙa ke yi kafin ta ɓace

Sheƙa 200 ba birai 200 ba ne, tunda ɗaya yana yin sabuwa kullum kuma tsoffin suna daɗewa a sama. Dole ka san tsawon rayuwar sheƙa a dajinka. Yadda ake yi, ka nemo sabbin sheƙa fil, gwargwadon yawa, hamsin ko fiye in da hali, a itatuwa daban-daban, rani da damina, ka sa musu lamba ka riƙa komawa duk sati ɗaya ko biyu har ranar da ba a gane su. Kar ka ari lambar wani daji, ruwan sama da iska da irin itace duk suna canja ta, na Gashaka mai hunturu da gobarar rani ba zai zama ɗaya da na kurmin Kwango ba.

Ga misali, lambobin na koyarwa ne kawai. A ce jimillar layukanku kilomita 40, manhaja ta nuna faɗin da ido ke kamawa mita 25 ne kowane gefe, wato mita 50, kun auna murabba'in kilomita 2 kenan. Kun ga sheƙa 240, wato 120 a kowane murabba'in kilomita. A ce biri yana yin sheƙa 1.1 a rana saboda wani lokaci yana yin ta hutun rana, kuma sheƙa tana kwana 120, ka ninka ka samu 132. Raba sheƙa 120 ɗin nan da 132, kusan biri 0.9 a murabba'in kilomita. In mazauninsu murabba'in kilomita 100 ne, wajen 90 kenan banda jinjirai. Yanzu da ace ainihin kwanan sheƙar 200 ne, adadin zai sauko wajen 55. Kaga yadda lamba ɗaya ke juya komai. Shi ya sa ba a faɗin adadi a dunƙule, sai a ce tsakanin kaza da kaza, kuma masu lissafin suna son a samu gani aƙalla 60 zuwa 80 kafin a yarda da sakamako.

Akwai hanyar da ke kauce wa wannan matsalar. A zagayen farko a sa wa duk itace mai sheƙa alama, sannan a riƙa dawowa duk sati biyu ko uku ana ƙirga sabbi kaɗai. Tafiya ta fi yawa, kuɗi ya fi yawa, amma a ƙaramin daji irin Ngel Nyaki da ke Mambila ni ita zan zaɓa.

Mataki na bakwai: kyamarar tarko

Wannan kyamara ce da ake ɗaurewa a itace, motsi da zafin jiki ke tada ta. A ɗaure ta tsakanin gwiwa da ƙugu, ta kalli arewa ko kudu don kar rana ta haske ta, a share ciyawar gabanta in ba haka ba iska za ta cika maka memori da hoton ganye, a saita kwanan wata da lokaci daidai, a sa ta a bidiyo na kamar minti ɗaya, a jefa ƙullin silika, 'yan ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, a ciki saboda raɓa. In so kake ka gane fuskoki, kai ta gindin ɓaure mai 'ya'ya, mashaya, gungumen da suke tsallake rafi a kansa, ko gidan galla da ka ga sanduna. A duba duk wata, a sauya batir da memori, a rubuta ranar da aka ɗaura da ranar da ta mutu. Da rani a yi mata shara kewaye saboda wuta.

Sannu a hankali za ka fara gane su ɗaya-ɗaya, mai yagaggen kunne, mai sanƙo, mai furfura a haɓa, wanda tarko ya cinye wa yatsu, sai ka buɗe wa kowa fayil, ka lura da mata nawa ke goyo, domin garken da babu jinjirai a ciki yana cikin matsala ko da manyan suna da yawa. Kyamara tana ɗaukar mutane ma, don haka a sanar da mai gari da makiyaya cewa akwai ta, kuma hoton mace mai ɗiban ruwa ko yaro mai kiwo ba abin yaɗawa ba ne.

Mataki na takwas: kashi

A taƙaice. Ƙarƙashin sabuwar sheƙa da safe ake samun wanda bai kwana ba. Da safar hannu da takunkumi, a ɗebi kamar girman gyaɗa a sa a kwalba mai sufirit mai ƙarfi, bayan kwana ɗaya a tsiyaye a mayar cikin silika, a rubuta lamba da wuri. Ɗakin gwaje-gwaje zai fitar da ƙwayar halitta a san mace ce ko namiji, wa ke da dangantaka da wa. Ragowar a wanke a rariya a ga irin 'ya'yan itace da kawunan kwarkwasa, nan za ka san abincinsu wata-wata. Fitar da samfur waje sai da takardar izini ta daban.

In Allah Ya sa kun haɗu da su

Ka tsaya cak, ka sa takunkumi, ka rage tsawo, kar ka nuna su da yatsa ko sanda, kar ka bi su, kar ka matsa ƙasa da mita goma. Ka ƙirga abin da ka gani a nutse: manyan maza, mata, matasa, na goye, da lokaci. Abin da kuka gani ɓangare ne kawai, tunda garkensu rarrabuwa yake yi ƙungiya-ƙungiya su sake haɗuwa.

Maganar cuta kuma da gaske nake. Jikinsu ya yi kusa da namu ƙwarai, murar da za ka sha shayi ka warke su tana kashe su, a 2013 a dajin Kibale na Yuganda ƙwayar murar mutane ta kashe guda biyar a garke ɗaya, an ga irin haka a dajin Tai na Kodebuwa. Mai tari ko gudawa ya zauna a sansani. Bayan gida a haƙa rami mai zurfi a rufe, ba a tofa yawu, ba a yar da ɓawon ayaba ko ledar biskit. Gawar biri kuwa kar wanda ya taɓa, a ɗauki wurin a GPS a kira jami'ai. Kuma kar ka ce za ka saba da su kamar yadda Baturiyar nan mai binciken birai Jane Goodall ta yi tun 1960 a Gombe ta Tanzaniya, wannan aikin shekaru ne, kuma birin da ya daina tsoron mutum a dajin da ake farauta ka miƙa shi ne ga mai bindiga.

Mataki na ƙarshe: adanawa da dawowa

Duk dare a duba fom tun abin yana kai, a kwafe bayanan wuri biyu, takarda kuma a leda. In an gama a kai rahoto Serti da taswirar da ke nuna inda sheƙa ta yi yawa da inda tarko ya yi yawa, domin da ita masu gadi za su tsara sintiri, a kuma koma ƙauye a faɗa wa mutanen da suka taimaka abin da aka samu, da harshensu. Lambobin GPS na wurin kwanansu ba a sa su a Facebook ko WhatsApp, hoto ma a cire masa bayanin wuri kafin a tura.

Sannan a ajiye lambobin farkon kowane layi da ƙarshensa, da fom ɗin da aka yi amfani da shi, da bayanin yadda aka raba kwanan sheƙa, saboda bayan shekara uku zuwa biyar za a sake bin layukan nan dai, a wata ɗaya da na farko, ko da wasu mutanen ne daban za su bi. Alamun mutane kuwa, tarko da harsashi da sara, su kowace shekara ake ƙirgawa.